Muhawara: Bin hanyar Oodnadatta da iyali a motar haya cikin watan Disamba

Abban Hanifa, Adelaide

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da nake shirin yi da iyalina a hutun ƙarshen shekara. Niyyata ita ce in ɗauki hayar mota mai jan taya huɗu daga birnin Adelaide da ke Kudancin Ostireliya, mu yi arewa zuwa garin Marree, daga can mu kama hanyar Oodnadatta, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 620 na burji da jar ƙasa, har mu ɓulla Marla a kan babbar hanyar Stuart, sannan mu juyo gida ta kwalta. Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin Musulmi masu raƙuma da suka zo Ostireliya daga Afganistan da maƙwabtanta a ƙarni na 19, suka yi zango a Marree har suka gina masallaci, kuma ina son yarana su ga wurin da idonsu, su kuma ga tafkin gishirin nan na Kati Thanda wanda aka fi sani da Lake Eyre. Mu huɗu ne, ni da uwargida da yara biyu ƙanana. Na daɗe ina tuƙi, amma duk a kan kwalta. Waɗanda suka san hanyar, don Allah ku faɗa mini abin da ya kamata in sani.

Alhaji na Pilbara

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa iyali albarka. Kafin mu zo maganar tuƙi, ina so ka sake duba watan da ka zaɓa, domin Disamba a nan tsakiyar bazara ce, kuma garin Oodnadatta da kake shirin ratsawa shi ne inda aka auna zafin da ya kai digiri 50.7 a ranar 2 ga Janairu 1960. Hukumomi da kansu suna rufe hamadar Simpson, wadda ke maƙwabtaka da wannan yanki, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris na kowace shekara saboda tsananin zafi. Hanyar Oodnadatta ba a rufe ta saboda zafi, amma masu binta suna raguwa ƙwarai a wannan lokaci, kuma wannan shi ne abin tsoron, domin motar da ta lalace a watan Yuli takan sami mai wucewa cikin ɗan lokaci, wadda ta lalace a Disamba kuwa tana iya daɗewa ba ta ga kowa ba. Lokacin wannan tafiya shi ne daga Mayu zuwa Satumba. Ni dai da iyalina ne, ba zan kai yara ƙanana can a Disamba ba.

Ɗan Agadas, Perth

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, ina girmama maganarku, amma ina ganin kada a tsorata yaron nan fiye da kima. Mu da muka tashi muna ganin kat-kat, wato motoci masu jan taya huɗu, na tashi daga Agadas zuwa Dirku da Bilma cikin zafin da ba ya misaltuwa, mun san cewa zafi kaɗai ba ya hana tafiya idan an yi tanadi. Hanyar Oodnadatta hanya ce da ake gyarawa, tana da alamomi, tana da gidajen mai, ba kamar hamadar Tenere ba inda sawun mota kan ɓace kafin gari ya waye. Shawarata ga ƙanena ita ce ya riƙa tashi tun kafin asuba, ya yi nisa kafin rana ta take, kuma idan ya hau gargada kada ya yi ta lallaɓawa, ya taka totur har ya kai gudun kilomita 90 a awa ko sama da haka, domin a wannan gudun mota takan daina jijjiga ta riƙa bi ta kan tudun gargadar. Haka direbobinmu suke yi tun da daɗewa.

Injiniya, Darwin

Yaya Ɗan Agadas, a nan ne zan saɓa muku, kuma ina roƙon ku yi mini haƙuri in yi bayani dalla-dalla, tunda mai tambayar bai taɓa hawa irin wannan hanya ba. Gaskiya ne cewa jijjiga tana raguwa idan an ƙara gudu a kan gargada, amma dalilin raguwarta shi ne tayoyin sun daina sauka cikin kwarin gargadar, suna taɓa kanta kawai suna tsalle, wato a kowane daƙiƙa akwai lokacin da tayar ba ta riƙe da ƙasa sosai. A wannan hali idan kwana ta zo, ko rami, ko saniya ta fito daga gefen hanya, birki da sitiyari ba za su amsa yadda aka saba ba, sai bayan motar ya fara zamewa. Direban da bai saba ba zai murɗa sitiyari da ƙarfi don ya gyara, taya ta shiga tulin tsakuwar da ke gefen hanya, motar ta kife. Motocin nan dogaye ne, nauyinsu yana sama, balle idan an ɗora jarkoki da safayar taya a kan kariyar kaya ta rufin mota, don haka sun fi ƙaramar mota saurin wuntsilawa. Akwai kuma shokozoba, wadda ke ɗaukar zafi matuƙa a kan gargada har ƙarfinta ya ragu, shi ya sa masu bin waɗannan hanyoyi suke tsayawa lokaci-lokaci ta huce.

Maganar tashi kafin asuba ma tana da nata haɗarin a wannan ƙasa. Ketowar alfijir da faɗuwar rana su ne lokutan da kangaru da tsuntsun emu suka fi fitowa kan hanya, ga shanu, domin hanyar tana ratsa makiyayar Anna Creek wadda faɗinta ya haura murabba'in kilomita 23,000, kuma ba a yi wa hanyar shinge ba. A wasu yankunan har raƙuman daji ake gamuwa da su. Ƙa'idar da na yarda da ita ita ce a yi sallar asuba, a karya kumallo, a jira gari ya waye sarai sannan a tashi, kuma a sauka kafin magariba da tazara mai kyau. Idan dabba ta faɗo gabanka, ka taka birki motar tana miƙe, kada ka kauce mata da sitiyari.

Hajiya Nas, Alice Springs

Assalamu alaikum. Ni ba direba ba ce, amma aikin jinya a tsakiyar ƙasar nan ya sa na san yadda ake kawo waɗanda hanya ta ritsa da su, don haka zan yi magana a kan abin da ke faruwa bayan mota ta tsaya. Ƙanena, da zarar ka bar garuruwa wayar hannunka ba za ta yi aiki ba a mafi yawan hanyar, ko da kuwa layin kamfanin waya na Telstra gare ka, kuma lambar gaggawa ta 000 ba ta shiga inda babu sabis na kowane kamfani. Dole ne ka tafi da wayar tauraron ɗan Adam, wadda ake iya ɗaukar hayarta, ko kuma ƙaramar na'urar kiran ceto ta PLB, wadda ke aika alamar inda kake ta tauraron ɗan Adam, kuma ana yi mata rajista kyauta a AMSA, hukumar Ostireliya da ke kula da ayyukan ceto. In da hali a haɗa duka biyun, domin na'urar tana cewa ne kawai kana cikin haɗari, wayar kuwa tana ba ka damar yi wa likita bayanin halin da yaro yake ciki. Ƙungiyar likitocin jirgin sama ta Royal Flying Doctor Service, wadda John Flynn ya kafa a 1928, tana kai ɗauki a waɗannan wurare, amma ba za ta zo ba sai an kira ta.

Abu mafi girma da nake roƙonka shi ne, duk abin da ya faru, kada ka bar motar ka kama tafiya a ƙafa. A Disamba 1998 wasu 'yan yawon buɗe ido biyu daga Turai sun kafe cikin rairayi a Halligan Bay, a bakin wannan tafkin da kake son kai yaranka. Matar ta nufi ƙauyen William Creek da ke kan hanyar Oodnadatta a ƙafa don neman taimako, ta rasu a hanya, namijin da ya koma wurin motar ya rayu. Da aka zo ɗaukar motar, rage iskar tayoyi da ɗan haƙa kaɗan ne suka fitar da ita. A Disamba 1963 ma wani iyali mai mutum biyar ya halaka a yankin hanyar Birdsville bayan mai ya ƙare musu suka bar motarsu. Mota tana ba da inuwa, tana ɗauke da ruwanka, kuma daga jirgin sama an fi saurin hango ta a kan mutum guda da ke tafiya cikin daji. Ka lura cewa duka biyun a Disamba suka faru, wannan ya sa nake bayan Alhaji.

Game da ruwa, ni ina ba da shawarar lita 10 ga kowane mutum a kowace rana idan lokacin zafi ne, da ƙarin na kwana biyu ko uku, kuma a raba shi cikin jarkoki da yawa, domin jarka guda babba tana iya gogar wani ƙarfe a kan gargada ta huje, ruwan ya tsiyaye ba ku sani ba. Ka kuma bar wa wani amintacce bayanin hanyarka da ranar da zai ji daga gare ka, da lokacin da zai kira 'yan sanda idan ya ji shiru.

Abban Hanifa, Adelaide

Na gode ƙwarai, Hajiya, wannan labari ya girgiza ni, musamman da kuka ce rage iska kawai ya isa ya fitar da motar. Injiniya, don Allah ku faɗa mini adadin iskar da ya kamata, da kuma lokacin da ake sa giyar jan taya huɗu, domin motar da nake son ɗauka tana da alamomin 2H da 4H da 4L.

Injiniya, Darwin

Madalla da tambaya, ƙanena, domin iskar taya ita ce rabin aikin. A kan kwalta irin waɗannan motoci sukan yi tafiya da iska wajen 36 zuwa 40 a ma'aunin psi, gwargwadon kaya da abin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofa. Idan ka sauka kan burji sai ka tsaya ka rage zuwa wajen 26 ko 28. Amfanin haka shi ne tayar takan shimfiɗu ta riƙe ƙasa sosai, ta lanƙwashe a kan duwatsu masu kaifi maimakon su huda ta, kuma ta shanye wani ɓangare na jijjigar da za ta tafi ga shokozoba. Amma tayar da aka rage wa iska tana ɗaukar zafi idan aka yi gudu da ita, har ta iya fashewa, don haka duk wanda ya rage iska dole ya rage gudu, kada ya wuce 80 a inda hanya ta yi kyau, kuma a inda ta lalace ya sauko ƙasa da haka sosai. Idan rairayi mai laushi ne sai a sauko zuwa 16 ko 18, a tafi a hankali, a guji murɗa sitiyari da ƙarfi don kada taya ta saɓule daga wili. Da ka dawo kwalta a Marla sai ka mayar da iskar kafin ka yi gudu. Wannan yana nufin geji da famfon iska mai aiki da batirin mota ba kayan ado ba ne, kada ka tashi ba tare da su ba, kuma ka gwada su a ƙofar gidanka tukuna.

Game da giya, 2H, wadda taya biyu kaɗai ke ja, ta kwalta ce. Da zarar ka hau burji ka sa 4H, wadda taya huɗu ke ja, domin tana taimaka wa motar ta tsaya daidai a kan tsakuwa. Ita 4L ta wurare masu wuya ce, kamar rairayi mai zurfi ko taɓo ko hawa mai tsauri, kuma sai ka tsaya cak kafin ka sa ta. A irin wannan mota kada ka bar ta a 4H a kan busasshiyar kwalta, domin hakan yana ɗaure kayan giyar ya lalata su. Idan kuma motar tana da makullan da ake murɗawa da hannu a tsakiyar tayoyin gaba, kamar wasu Land Cruiser, to sai ka sauka ka murɗa su, in ba haka ba ka sa giyar amma tayoyin baya kaɗai ke ja. Ka tambayi masu ba da hayar su nuna maka wannan da hannu kafin ka karɓi makulli.

Ka karanta takardar hayar da kyau, domin kamfanoni da yawa suna hana bin hanyar da ba kwalta, wasu suna lissafa hanyoyin da suka haramta da sunayensu, kuma sau da yawa inshorar ba ta biyan kifewar da mota ta yi ita kaɗai, ko lalacewar ƙarƙashinta, ko tayoyi da gilashi. Ka sa su rubuta maka cewa sun amince da hanyar Oodnadatta. Ka kuma nemi safayar taya biyu.

Ɗan Agadas, Perth

Injiniya ya yi bayani mai kyau a kan iska, kuma a nan babu saɓani tsakaninmu, domin a Sahara ma direba yakan sauka ya sassauta tayoyi kafin ya shiga rairayi. Amma ina nan a kan cewa tafiyar hawainiya a kan gargada ita ma tana da illa, tana kwance kusoshi, tana fasa abin da ke riƙe da batir, tana gajiyar da direba har hankalinsa ya rabu. Akwai gudun da kowace mota ke samun natsuwa a kansa, kuma idan an rage iska yakan sauko, sai direba ya nemo shi da kansa. Zan yarda da iyakar 80 ga wanda bai saba ba.

Abin da nake so in ƙara shi ne yadda ake fita idan an kafe, tunda na ga yadda baƙi ke yi. Da ka ji motar ta daina ci gaba tayoyi suna juyawa a wuri guda, ka ɗaga ƙafarka nan take, domin kowane juyi yana ƙara binne ta har cikinta ya zauna a ƙasa. Ka sauka, ka rage iska, ka ɗauki shebur mai dogon ƙota ka kwashe rairayin da ke gaban kowace taya da wanda ke ƙarƙashin motar har ka hango haske ta ɗaya gefen, ka cusa allunan da ake fitar da motar da ta kafe da su ko rassan itace a ƙarƙashin tayoyin, sannan ka gwada komawa baya a kan sawunka cikin 4L a hankali. Idan rana ta take, ka zauna a inuwa sai da yamma ka yi haƙan. Sannan abin da ya sa tafiyarmu ta Sahara take yiwuwa cikin zafi shi ne ayari muke yi, mota ba ta tafiya ita kaɗai. Idan ƙanena zai sami wani iyali su tafi da mota biyu, rabin damuwar Hajiya ta kau.

Alhaji na Pilbara

Maganar mota biyu ta yi daidai, Malam, sai dai tana zuwa da wani haɗarin da ya ci rayuka a ƙasar nan, wato fizgo motar da ta kafe da igiyar nan mai talewa. Kada a kuskura a maƙala ta a dunƙulen ƙarfen jan tirela da ke bayan mota, domin yakan karye ya taho da ƙarfin harsashi ya fasa gilashi ya sami na ciki. Akwai wuraren da aka ƙera musamman don wannan aiki a jikin motar, kuma kowa ya tsaya nesa, musamman yara. Wanda bai koyi aikin ba gara ya tsaya ga shebur.

Ɗana, kada ka ɗauka cewa hamada ba ta da matsalar ruwan sama. Ruwa kaɗan yana mayar da waɗannan hanyoyi taɓo mai santsi, kuma hukumar hanyoyi ta Kudancin Ostireliya tana rufe su, tana wallafa halin da suke ciki a intanet, akwai kuma manyan alluna a bakin garuruwa kamar Marree da ke nuna wadda take buɗe da wadda take rufe. Shiga rufaffiyar hanya laifi ne mai tara, kuma kana lalata wa mazauna wurin hanyar da suke dogara da ita. Idan ka iske ruwa yana gudu a mashigi, ka tsaya ka jira ya janye. A kudu ana iya taka ruwan a ƙafa a gwada zurfinsa idan ba ya gudu da ƙarfi, amma duk wanda zai je arewa, kamar mashigin kogin Pentecost a hanyar Gibb River, kada ya sa ƙafarsa a ruwa saboda kadoji.

Sai maganar ƙura. Akwai wata irin ƙura mai laushi kamar garin fulawa da ke cika ramuka har ta yi daidai da hanya, ba ka ganin ramin sai ka faɗa, don haka duk inda ka ga launin hanya ya canza ya yi sumul, ka rage gudu. Ka kunna fitila ko da rana tsaka. Idan ka hango ƙurar babbar mota mai jan tireloli, waɗanda tsawon wasunsu ya kai mita 53.5, ka rage gudu ka raɓe hagu sosai, ko ka tsaya gaba ɗaya har ƙurar ta lafa, kuma kada ka taɓa ƙoƙarin wuce mota cikin ƙurar da ba ka ganin gabanka. Rediyon oba-oba yana da amfani a nan, domin direbobin manyan motoci suna sauraren tasha ta 40. Ka rage gudu a gadojin ƙarfen da ake shimfiɗawa don hana shanu ƙetarewa, domin bakinsu yakan zaizaye. Duk ƙofar shingen da ka tarar, ka bar ta yadda ka same ta, a buɗe ko a rufe. Idan kuma ka bi ta cikin busasshiyar ciyawa, ka duba ƙarƙashin motar ka cire wadda ta maƙale kusa da salansa, domin tana kama wuta.

Hajiya Nas, Alice Springs

Ina ƙara tunatarwa cewa kowa ya ɗaura bel a kowane lokaci, yara kuma su zauna a kujerunsu na musamman ko da sun yi kuka, sannan a ɗaure kayan da ke bayan motar da kyau, domin idan aka yi hatsari tukunyar gas ko akwatin kayan aiki yana iya faɗo wa mutane. Gajiya ma tana kama direba da wuri a kan burji, don haka kilomita 200 zuwa 300 a rana ya wadatar da mai iyali. Kuma ba sai ka shiga hanyar Halligan Bay ba, akwai wurin tsayawa a kan hanyar Oodnadatta kanta, tsakanin Marree da William Creek, inda ake hango kudancin tafkin sosai.

Abban Hanifa, Adelaide

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shawara da uwargida, mun ɗage tafiyar zuwa hutun makaranta na watan Yuli, kuma wani abokin karatuna ya nuna sha'awar zuwa da nasa iyalin a mota ta biyu. Kafin lokacin zan shiga horon tuƙin irin waɗannan motoci na yini guda. Tambayar da ta rage mini ita ce ta mai: shin tankin motar zai wadatar, ko sai na ɗauki jarkoki?

Injiniya, Darwin

Ana sayar da mai a Marree da William Creek da Oodnadatta da Marla, kuma tazarar kowane biyu wajen kilomita 200 ce, don haka tankin motar dizal zai kai ka idan kana cikawa a kowane zango ba tare da tsallake ko ɗaya ba, duk da cewa farashin ya fi na Adelaide nesa. Ka lissafa cewa motar za ta sha fiye da yadda take sha a kwalta saboda ƙarancin iskar taya da nauyin kaya, ka kuma buga waya gidajen man kafin ka tashi don tabbatar da suna da shi. Jarka guda ta lita 20 ta isa ta zama ajiya saboda yiwuwar a rufe hanya ka yi zagaye, kuma ka ɗaure ta a mazauninta na bayan mota, kada ka sa ta cikin ɗakin da yara suke. Ku tafi da barguna masu kauri da rigunan sanyi, domin a watan Yuli sanyin dare a wannan yanki yana saukowa kusa da digiri sifili.